Yadda za ka shirya ma jarabawar birebe ta ƙare kolej da bak ta ƙare lise ba tare da ka kashe kanka da kwanan zaune ba

Duk wanda ke bi ta unguwar Ali Dan Sofo ko ta Zariya a Maradi da dare tun daga watan Afrilu ya san abin da nike nufi, kowace fitilar titi da ke ci za ka tarar da yara uku huɗu ƙarƙashinta, kowa da kaye, wato littafin rubutun darasi, ga hannu shina kai da kawowa shina motsa baki kamar mai jan casbi, ga zafi ya haura digiri 40 tun da rana bango bai huce ba, ga wutar kuran an ɗauke cikin gida. Ni ma na yi wanga zagayen, shekarar da na fara zama bak a terminal D, ajin ƙarshe na 'yan kimiyya, kayen SVT ɗina, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, sau biyar na karance shi daga bango zuwa bango, har na san shafin da shayi ya zube ma, amma da anka raba takarda cikin sal, ɗakin jarabawa, sai na iske ina tuna kalar bik ɗin da na ja layi da shi, abin da ke saman layin kuwa ya tahi. Na faɗi, ko zagaye na biyu da ake kiran waɗanda sunka kusa ci ban samu ba.

Kawuna da ke da makarantar allo shi ya gano mini ciwon, ko boko bai yi ba. Ya tambaye ni yadda nike karatun, na kwatanta mishi, sai ya yi dariya ya ce kai ɗana ka taɓa ganin almajiri ya wanke allo bai biya ba? Nan fa na yi shiru. Mu duka mun bi ta nan tun muna ƙanana, ana rubuta maka, ka yi ta maimaitawa, sannan ka kife allon ka biya ma malam da ka, in ka kakare ba a wankewa, kuma ko an wanke an yi gaba ba a barin na baya, ana komawa tishi. Amma da mun shiga lakkwal sai mu watsar da wagga dabara mu koma kallon kaye da ido muna cewa karatu muke.

To ƙannena, in za ku ɗauki abu guda cikin maganata ku ɗauki wanga, a rufe kaye. Ka karanta darasi guda sau ɗaya a natse, ka fahimci mi ake nufi, sannan ka rufe ka aje shi nesa inda hannunka ba ya kaiwa, ka ɗauko farar takarda ko ardwaz ko ka samu bango da alli ka rubuta duk abin da ka tuna, taken darasin, manyan sassanshi, ma'anonin kalmomi, zane in akwai. Za ka ji wuya, kanka zai yi nauyi, za ka ga rabin abin ya ɓace kuma ranka zai ɓaci, to wanga nauyin da kake ji shi ne karatun ke shiga. Bayan nan ka buɗe kayen ka gwada, abin da ka manta ka rubuta shi da jan bik, gobe da jan za ka fara. Karatun ido daɗi gare shi don komai ka gani sai ka ji kamar ka sani, amma gane abu in an nuna maka daban ne da fito da shi daga kanka, kuma ranar jarabawa ba wanda zai nuna maka.

Sai maganar tishi. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus tun 1885 ya gwada kanshi ya nuna mantuwa ta fi gudu ne a awowin farko da kwanakin farko bayan an koyi abu, daga baya sai ta rage sauri, kuma duk sanda ka koma ka tuno abin sai ya ƙara daɗewa bai gudu ba. Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba sun san haka. Don haka darasin da ka yi yau ka biya shi gobe, minti 10 ya isa, sai bayan kwana 3, sai bayan mako guda, sai bayan mako biyu. Ni abin da nike sa yaran da nike ma repetisiyo, wato ƙarin darasi, su yi shi ne a bayan kaye su ja layuka, sunan darasi a hagu, ranakun da sunka biya shi a dama, in an biya lafiya a sa alama in an kakare a sa sifiri, da ka buɗe shafin za ka ga inda ramukanka suke ba sai ka tsaya tunanin yau mi zan karanta ba, wanda shi kanshi tunanin shina cinye ma wasu rabin awa.

Kafin ka tsara lokacinka ka zauna ka yi lissafin kwafisiyan, abin mamaki yara da yawa har su shiga sal ba su san nauyin kowace matiya ba. Ana ba da maki bisa 20, a ninka da kwafisiyan, a tara a raba da jimillar kwafisiyan, 10 ake nema. Bari in ba da misali da lambobin da na zaɓa, ku tambayi mushe, malaminku, naku na gaskiya don kowace seri, wato ɓangaren karatu, da nata. A ce lissafi kwafisiyan 5 gare shi ka samu 6, ka tashi da 30 alhali 50 ake so, gibin 20 kenan. A ce wata matiya da kake so mai kwafisiyan 2 ka samu 16, rararka 12 kaɗai, ba ta cike ramin ba. Amma in ka ja lissafin nan daga 6 zuwa 9, ba ma ka kai 10 ba, ka ƙaru da maki 15. Kun ga ke nan wanda ke gudun mat, wato lissafi, shina ɓoyewa cikin istuwar-jewo, tarihi da labarin ƙasa, don ita ke mishi daɗi yaudarar kanshi yake. Matiyar da kake tsoro in tana da nauyi ita za ka ba lokacinka mafi kyau.

Lokaci mafi kyau kuwa a garin nan kowa ya sani, bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, iska da ɗan sanyi, gida shiru, kai bai gaji ba. Nan za ka sa mat da fizik. Tsakar rana daga azahar zuwa la'asar a watan Mayu kada ka wahal da kanka, ka kwanta ka huta ko ka yi abu mara nauyi. Bayan la'asar aikin rukuni, bayan isha'i tishi. Kuma kada ka zauna awa 3 a jere kana gyangyaɗi bisa tabarma, ka yi minti 40 ko 45 da gaske, ka tashi ka sha ruwa ka miƙe ƙafa minti 10, ka dawo.

Mat da fizik-shimi ba a haddace su kamar waƙa, da hannu ake koyonsu. Ka san delta b² − 4ac ne, madalla, ɗan birebe ya san Pitagor da Tales, ya san U = RI, amma sanin formil ɗin bai kai ka ko'ina ba in ba ka yi egzasis 20 da shi ba har hannunka ya saba. Babban kuskuren da nike gani shi ne yaro ya buɗe anal, littafin tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, ya karanta tambaya, ya juya baya ya karanta gyaran, ya gyaɗa kai ya ce ai na gane. Ba ka gane ba ƙanena, ka ga wani ya yi ne. Ka rufe gyaran, ka yi fama da tambayar aƙalla minti 15 ko da ba ka fita ba, in ka duba gyaran ka ga inda ka ɓace to ka sake rufewa ka yi ta daga farko kai kaɗai, kuma bayan kwana biyu ka sake yin wagga tambaya ɗin dai. Ka samu ƙaramin kaye na kurakurai, duk inda ka yi ɓata ka rubuta mi ya sa, alamar ragi ce ka manta, santimita ce ba ka maida mita ba, ko tambayar ce ba ka karanta da kyau ba. Bayan wata guda za ka ga kurakuran naka ba su wuce iri biyar ko shida ba, su ne dai ke ta dawowa da sabuwar riga.

Tsofaffin sije, wato takardun tambayoyin jarabawa, na shekarun baya kuwa ku neme su ko ta halin ƙaƙa, wajen yayyenku da sunka wuce, wajen masu fotokopi na bakin lise, ko ku haɗa dala-dala ku huɗu ku buga guda ku riƙa karɓa-karɓa. Sau ɗaya a mako, Asabar ko Lahadi da safe, ka yi ma kanka jarabawar gwaji ta gaske, in awa 4 ake ba matiyar ka zauna awa 4, agogo a gabanka, ba kaye ba waya ba tashi. Ran farko za ka sha mamaki, ko lokaci ya ƙare kana tsakiyar tambaya ta biyu, ko hannunka ya gaji tun awa biyu, gara ka gano haka a zauren gidanku da ka gano shi a santir, inda ake zaman jarabawar.

Istuwar ita kuma mutane na jin tsoron shekaru, alhali in ka jera su a layi guda sai su riƙe juna. Ka samu takarda doguwa ka manna a bango inda kake kwana, taron Berlin 1884 zuwa 1885 inda Turawa sunka tsara rabon Afirka, 1899 Sarauniya Mangu ta tari ayarin Voulet da Chanoine a Lugu, yaƙin duniya na farko 1914 zuwa 1918, na biyu 1939 zuwa 1945, a 1945 ɗin anka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ita ce shekarar da ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maradi har anka hau tudu, ka ga in ka ɗaura ta da abin gida ba ka mantawa. 18 ga Disamba 1958 jamhuriya, 3 ga Agusta 1960 'yancin kai da Diori Hamani, 1963 ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa, 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya yi juyin mulki, 1991 taron ƙasa. Amma kada ka tsaya ga shekara kaɗai, kowace ka tambayi kanka mi ya jawo ta kuma mi ta haifar, nan makin yake.

Wani abu da ba a cika faɗi ba, yara da yawa ba darasin ne ke kada su ba, Faransancin tambayar ne. An ce justifier ka kawo amsa ba hujja, an ce en déduire wato ka yi amfani da abin da ka samo a tambayar da ta gabata kai kuma ka koma farko kana sabon lissafi, an ce comparer ka bayyana guda ka bar guda. Ka tara kalmomin nan na umarni ka tambayi mushe mi kowace ke so. Dabarar da ta yi mini aiki kuma ita ce in kama ƙanwata in bayyana mata darasi da Hausa tsantsa, yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iska, in na kasa faɗinshi da Hausa to ban gane shi ba haddar aku na yi, in na iya sai in koma in rubuta shi da Faransanci. 'Yan filo, wato falsafa, ku ma haka, kafin ku fara zuba sunayen masana ku tabbata za ku iya faɗin mi tambayar ke tambaya da harshenku, sannan gabatarwa, matsalar da ke ciki, ɓangare da kishiyarshi, a rufe. Ku yi ta gwada rubuta gabatarwa kaɗai, guda a rana, don mai gyara da ita yake fara ganinku.

Rukuni shina da amfani in an iya shi. Mutum uku ko huɗu, kada a wuce, a samu bango a shafa baƙin fenti ya zama tablo, kowa a ba shi darasin da zai koyar, sauran su yi ta jifanshi da tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ba ka gane ba ka ce ban gane ba, ba wanda zai ba ka maki don ka yi shiru a gaban abokai. Amma fa rukunin karatu daban fada daban, da an ɗora butar shayi an fara gardamar Real da Barça to an tashi daga karatu ko da kaye na buɗe bisa gwiwa. Ni na ɓata wata biyu cur a irin wanga zaman shekarar da na faɗi, kullum sai mu ce bari a sha na biyu a fara.

Waya kuwa kun fi ni sani. Ba na cewa a jefar da ita, akwai darussa masu kyau a YouTube kuma ana tura sije ta WhatsApp, amma lokacin minti 45 ɗin nan ka ba inna ta aje maka ko ka kashe ta ka sa ƙarƙashin katifa, don TikTok minti biyar ba ta taɓa zama minti biyar ba. Sannan duk shekara in jarabawa ta matso sai 'yan damfara su fito a gurup suna cewa ga sijen bana ya fita a turo jika kaza, kada ka ba kowa ko dala, ka yi asarar kuɗi ka yi asarar daren da ya kamata ka yi barci kana haddace amsar da ba za ta fito ba, in kuma anka kama ka da waya ko 'yar takarda cikin sal abin ya wuce faɗuwa, hukunci ne.

Barci ba lalaci ba ne, cikin barci ƙwaƙwalwa ke jera abin da ka zuba mata da rana, mai shekarunku awa 8 yake buƙata, in ta matsa kada ya gaza 7. Kwanan zaune da Nescafé da shayi mai ɗaci har ƙarfe 3 ribarshi kaɗan ce, gobe ka wuni kamar bugagge. Tramol da sauran ƙwayoyin da wasu ke cewa suna hana barci suna buɗe kai, don Allah ku nisance su, na ga yaron da ya fara don jarabawa, jarabawar ta wuce shi bai bari ba. Ku sha ruwa sosai, ku karya da safe ko da koko da ƙosai ne. Kuma tunda birebe da bak suna faɗowa ne daidai saukar damina wajen Yuni da Yuli, sauro ya fara yawa, masu karatun waje da dare ku sa riga mai dogon hannu ku kwana cikin sange, in jiki ya yi zafi a tahi likita a yi gwaji tun ranar, zazzaɓin cizon sauro na kwana huɗu a makon jarabawa ya isa ya rushe aikin wata tara.

Iyayenmu ku ma ga taku, musamman kan 'yan mata. Yarinya ta tashi asuba ta yi shara ta ɗebo ruwa ta yi wanke-wanke, ta dawo lakkwal ta hau girki, wata ma har talla, sannan a ce ta yi gogayya da wanda tun da ya tashi kaye kaɗai ya riƙe. Wata biyu ne kacal, a rage mata, ƙanne da yayye su karɓa. Ke kuma ƙanwata kada ki yi fushi ki yi shiru, ki samu inna cikin ladabi ki nuna mata takardar tsarinki ki ce daga asuba zuwa ƙarfe 7 kaɗai nike roƙo, yawancin iyaye in sun ga abin a rubuce suna sakin hannu.

Makon ƙarshe ba na sabon darasi ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Kayen kurakuranka, jan bik ɗinka, takardar bango, su ke nan. Ana gobe ka tahi ka ga santir ɗin da idonka, ka nemo sal ɗinka da lambar teburinka, ka auna minti nawa ne daga gida. Da dare ka haɗa kombokasiyo, takardar kiran jarabawa, da katin shaida da bik biyu ko uku waɗanda ka riga ka gwada, kireyo, gwam, regil, kompa, kalkilatiris in an yarda da ita, duka cikin leda don ruwan safe na iya sauka, kuma in ya sauka kabu-kabu wuya yake yi ga hanyoyi sun cika, don haka ka fito da wuri kamar ba za ka samu abin hawa ba.

Cikin sal in anka ba ka takarda kada ka fara rubutu nan take ko da na kusa da kai ya fara, ka yi bisimilla ka karance sijen duka har ƙarshe ka juya baya ka duba ko akwai saura, ka ga makin kowace tambaya ka raba lokacinka daidai da shi. Ka fara da wadda ka fi iyawa don zuciya ta kwanta, ka dai rubuta lambarta a fili. Buruyo, takardar gwaji, na tsara tunani ne da lissafi, kada ka rubuta disertasiyo, doguwar amsa, gaba ɗaya a kai ka ce za ka kwafe, lokaci ba zai kai ba. A mat ka nuna matakanka ko amsar ƙarshe ba ta fito ba, ana ba da maki kan hanya. Ka gyara rubutunka, mai gyara mutum ne da tarin takardu gabanshi cikin zafi, abin da bai iya karantawa ba ba zai ba shi maki ba. In ka kakare minti 10 kan tambaya guda ka bar fili ka wuce ka dawo. Kada ka fita don ka ga wasu na fita, minti 15 na ƙarshe na sake dubawa ne, nan za ka kama ragin da ka manta. Da kun fito kuma ka guji taron masu cewa kai nawa ka samu a tambaya ta uku, ka wuce gida ka ci abinci ka duba ta gobe.

In an gama kada ka raba kayenka ko ka ba mai ƙosai, kuma kada ka tahi ƙauye noma inda ba rezo kafin sakamako ya fito, don wanda ya matso kusa da 10 bai kai ba ana kiranshi zagaye na biyu kuma tsakanin fitar sakamako da shi kwanaki kaɗan ne. Shekarar da na samu ta nan na bi, kwana ukun da ke tsakani fizik kaɗai na yi ta biyawa a bangon zaurenmu, kaye a rufe.